Sarkin Aska a Sharafiyya

Ina jiran layi a wani shagon aski a unguwar Sharafiyya, can ƙasa mai tsarki, idona na kan wani dattijo da ban sani ba. Siriri ne, gemunsa fari fat, jallabiyarsa ta koɗe amma ta sha guga. Sauran masu askin duk da inji suke aiki, shi kuwa tsohuwar zabira ce a cinyarsa. Duk Bahaushen da ya shigo sai ya rusuna ya ce, "Sarkin Aska, ranka ya daɗe." Mai shagon yana ta daka masa "Yalla, ya hajj!" wai ya yi sauri, amma ko gezau.

A talabijin ana nuna wani basaraken Ingila da ya gaji sarauta haɗe da katafaren gida. Wannan dattijon kuwa, ina jin zabirar nan kaɗai ya gada, wataƙila ma da ita kakansa ya ratso Sudan a ƙafa zuwa aikin hajji.

Dattijon yana wasa aska a jikin fata, kowane ja da sunansa: "Sarkin Aska Barau ya haifi Na'ibi, Na'ibi ya haifi Jibo." Sai ya tsaya nan, ya zuba wa magidancin da ke aski a gefensa ido, mai irin hancinsa sak.

Magidancin ya kashe inji. Da Hausar da Larabci ya cinye rabinta, ya ce, "Jibo ya haife ka, Baba. Kai kuma ka haife ni. Khalas, shi ke nan."

Dattijon ya miƙa masa askar da hannu biyu, ya nuna ni da haɓa. "Fara da wannan."

Na cire hulata.