Allon Baba a Jambutu

Da hankali ya ɗan kwanta, Baba ya koma Mubi ya duba shagon ɗinkinsa da muka gudu muka bari. Bai tarar da ko allura ba. Abin da ya dawo mana da shi Jimeta, ɗaure a saman mota, allon shagon ne: katako mai shuɗin fenti, da hoton keken ɗinki, a ƙasa kuma adireshinmu na can, kusa da tsohuwar tasha. Ya jingina shi a ɗakin da goggona ta ba mu a unguwar Jambutu, ya ce idonsa ya gaji da zare, ni zan ci gaba.

Wayyo, murna kamar in yi tsalle. Ni da nake ɗinki a zaure da keken aro, ba wanda ya san da ni sai maƙwabta! Washegari na sa aka haƙa rami a bakin kwata, aka kafa allon kan ƙarafa biyu, yana kallon titi. Na tsallaka can gefe na kalle shi, na dawo, na sake tsallakawa.

Madam mai kanti kusa da mu, 'yar Ibo ce da ta fi ni daɗewa a garin, ta leƙo ta ce masu tsara gari za su zo da jan fenti, abin da ya hau hanya kuma kwashe shi suke yi. Na ce mata su zo ɗin, Baba ya shekara nawa da allon nan ba wanda ya ce masa kanzil. Bakina ba ya da linzami, har yau ma.

Sati biyu na sha kasuwa. Matan Mubi da Michika da gudun hijira ya kawo Jimeta, in suna wucewa a keke Napep suka hango adireshin nan, sai su ce a tsaya. Wata ta shigo ba yadi ba komai, ta zauna ta yi kukanta, daga baya ta aiko min da atamfa uku.

Ranar wata Talata sai ga masu tsara garin da motar a-kori-kura da gwangwanin fenti. Na fito da almakashi a hannu, ban ma san yana hannuna ba. Babbansu, dattijo mai gilashi, ya yi min bayani a natse: nan unguwar zama ce, allo ba ya tsayawa a kan hanya, sai dai a manna shi jikin katangar gida, kuma akwai iyakar girma. Ya ja tef ya auna. Namu ya zarce da faɗin tafin hannu, daidai layin adireshin.

Na fara zuba masa tarihin allon. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ko in rage shi kafin Juma'a, ko su ɗauke shi duka.

Baba ne ya kira kafinta da kansa. Na ce a yanke sama, ya girgiza kai.

“'Yata, shagon yana Jambutu yanzu. A yanke Mubi, a ba ni.”

Na juya baya don kada in ga zarto. Amma da aka buga allon jikin katanga, tsaf da shi, Madam ta rangaɗa guɗa irin tata, karkatacciya, har na fashe da dariya hawaye na zuba.

Allon yana nan har yau, kekunana sun zama huɗu. Guntun kuwa Baba ya tafi da shi lokacin da ya koma gida gaba ɗaya. Bara da na je gaishe shi, na gan shi kafe a saman ƙofar tsohon shagon, ba suna ba hoto, adireshi kawai. Na tambaye shi amfanin allon da ke faɗa wa mutum inda yake tsaye. Ya ce shi yake karantawa kullum da safe.