Mai Yankan Farcen Juma'a

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanina Sale, kuma har yau ban daina kishi da shi ba. Na daɗe da maganar a ciki, sai bana da na koyi rubutu a ajin manya na samu inda zan sauke ta.

Sale awon hatsi yake yi, yau Babura, gobe Kazaure, ga noma, ga 'ya'ya shida. Amma duk safiyar Juma'a sai ya zauna a bakin zaure da reza yana yanke wa yara farce, nasa da nawa da na maƙwabta. Yana riƙe da hannun yaro, yaron na zuba masa labari: wa ya doke shi, me malam ya ce. In ce, "Sale, mota za ta tashi ta bar ka." Ya ce, "Yaya, saura yatsa biyu."

Da ya rasu na kwaso yaransa. Ci da sutura da makaranta, ban bambanta su da nawa ba. Farce kuwa, abin yanka na sayo na miƙa musu, kowa ya yi wa kansa. Kullum ina sauri. Da zai ga yadda muke amsa wa 'ya'yanmu yanzu, ido na kan waya, ban san me zai ce ba. Wataƙila ba zai ce komai ba, shi ne abin haushin.

Watan jiya 'yarsa Hauwa, wadda na aurar a Roni, ta haifi namiji. Mijinta ya zo ya durƙusa ya ce, "Baffa, kai za ka zaɓi suna." Wallahi nawa na so. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, na ce to, lokacin shan romo ya yi. Da na je barka na tarar tana duba yatsun jaririn. Ta ce, "Baffa, dubi, hannun Abba ne sak." Shekararta tara Sale ya rasu. Ta fi daɗewa a gidana.

Na ce a sa wa yaro Salihu.

Ranar suna aka yi ta yabona, wai na riƙe zumunci. Ba su san kayar da ni aka yi ba. Ni na ciyar, shi ake tunawa, kuma na bincika ban ga inda aka zalunce ni ba. Allah Ya jiƙan ka, Sale. Kana kabari ma ka riga ni.