Sakainar da Ta Kai Mu Kududdufi

A da, da wuya ka ratsa unguwa biyu a cikin birni ba ka ci karo da kududdufi ba. Yanzu yawancinsu an cike, an yi shaguna a kai. Na unguwarmu Kabara yana nan, kuma ba zan taɓa manta ranar da ya tsira ba.

Wata malamar jami'a ce ta zo tana zana taswirar amfanin da ruwa da itatuwa ke yi wa mutane, domin hukuma ta san wurin da za a bari da wanda za a cike. Hoton da ta riƙo, daga sama aka ɗauke shi da rani, sai namu ya fito kamar juji. Da ni aka haɗa ta, tunda ina jin Turanci. Da ta tambaye ni amfaninsa, na ce sauro. Na ga Nilu a Hartum, na ga tafkunan Turai masu fitilu, ban ɗauki wannan ramin a bakin komai ba. Ta rubuta abin da na faɗa, saura ta miƙa wa hukuma.

Akwai wata tsohuwa, jikar malaman Barno, da ke jin mu daga soronta. Ta ce yawo ya cinye mini ido.

"Alhaji, ka san ƙasashen mutane, ba ka san lungunku ba. Ku jira ruwan farko, ku saki sakaina a ƙofata, ku bi ta."

Malamar ta yarda ta jira. Ruwan ya sauko wata Laraba bayan la'asar. Muka saki sakainar, ta yi juyi biyu, ta kama hanya. Muna biye da ita a hankali, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ko'ina, indararo na zuba ta kowane gefe. Ji na yi kamar ina tafiya cikin mafarkin kakana. Duk kwanar da na sha bi shekara saba'in, ashe magina sun karkata ta ne da gangan. Ruwan wannan lungu ya tarar da na wancan, suka wuce tare ba tare da sun shiga gidan kowa ba.

Sakainar ta faɗa kududdufin, ta tsaya cak. Shamuwa uku na kan rimi, kwaɗi sun fara kuka, belbelu na sauka kamar ana yayyafa auduga. Mayafin malamar ya jiƙe sharkaf. Can ta tambaye ni ina ruwan nan zai je idan an cike wurin.

Na ce, "Ɗakunanmu."

Ta soke amsata ta farko. A sabuwar taswirar, wurin ya fito shuɗi, lungunanmu na gangarowa cikinsa kamar jijiyoyin ganye, kuma hukuma ta hana taɓa shi. Tun daga ranar na daina auna garinmu da garuruwan da na gani, na koyi tambayar waɗanda suka zauna kafin in ce abu ba shi da amfani.