Buhun Simintin da Na Kai Gadar Ruwa

Laraba: Anka zuwa Bukkuyum

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Laraba na fita gida a Anka, da jaka a kafaɗa da ciwon baya wanda ya riga ni tashi. Kada mai karatu ya zaci yawon buɗe ido ya fitar da ni. Inna ce ta aike ni, kuma wanda Inna ta aika, ko ya yi furfura kamata, ba ya cewa "bari in gani".

Ga abin da ya faru. A ƙauyen su Inna, Tungar Magina, can bayan Gummi, akwai wata tsohuwar gadar dutse wadda ba mutane ke bi ba, ruwa ke bi. Kakanninsu suka gina ta, tana ɗauko ruwa daga tafkin da ke wancan tudu, ta ƙetare kwazazzabo da shi, ta sauke a lambuna. Duk shekara in damina ta ɗauke, ana sa ranar yasa. Kowane gida mai lambu yana da sashensa a kan gadar da zai kwashe wa laka. Gidan da aka saki ruwa da azahar ba a ga jininsa cikin magudanar ba, ya rasa layin ruwa na ranin nan gaba ɗaya. Kawu Labbo, ƙanen Inna, shi ke tsaya wa gidanmu shekara da shekaru. Bana ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, 'ya'yansa maza kuma sun bi haƙar zinari, ko wayarsu ba ta shiga. Saura ni, ma'aikacin ofis, wanda rabonsa da riƙe fartanya tun yana sakandare.

"Alhamis na, Sani, kahin azahar," in ji Inna a bakin ƙofa. "In ka makara, iyalin Labbo mi za su ci da rani? Ƙasa?"

Sammakon nawa bai amfane ni da komai ba. Mota ta cika tun shida, amma direba ya zauna yana shan shayi. Na ce, "Direba, me muke jira?"

"Motar da za ta hito daga can, Malam. Mai riga kowa hita yanzu, labarinai aka ji."

Ba wanda ya yi masa gardama. Sai bakwai da minti goma muka tashi, mu huɗu a baya, gwiwata a cikin haƙarƙarin wani mai sayar da goro. Shinge uku muka wuce kafin Nasarawa, a kowanne sai an leƙo an ƙidaya fuskoki. Daga nan na hau babur na ratse Bukkuyum, inda ake jinyar Kawu a gidan ɗiyarsa Hadiza. Na isa goma saura kwata.

Na tarar da shi kwance a tabarma, rabinsa ya tafi. Mutumin da ake jin muryarsa daga ƙarshen lambu, yau kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita. Wallahi sai da na kau da kai. Hadiza ta kawo mini fura, ta buɗe wayarta ta nuna mini hoton gadar. Baka huɗu na dutse, gansakuka ta lulluɓe su. "Wanga na ukku shi na namu, Yaya," ta ce. Na ƙura ido, sai na ga ruwa yana tsiyaya ta ƙarƙashinsa, har ya yi ɗan kududdufi a ƙasa. Sauran ukun a bushe suke ƙamas.

Raina ya ɓaci. Duk garin, sashen gidanmu ne kaɗai mai yoyo? Abin kunya! Nan take na fita na sayo buhun siminti ɗaya, aka dire shi a tsakar gida. Kawu ya gan shi, ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana kaɗawa, bakinsa na motsi, hawaye na zuba. Na dafa shi na ce, "Ba komai, Kawu, ba sai ka gode ba." Allah Sarki. Sai daga baya na san ba godiya yake yi ba.

Bukkuyum zuwa Gummi

Tun daga nan buhun nan ya zame mini ƙarfen ƙafa. Mai babur na farko ya dube ni, ya dubi buhu, ya ce ɗaya zai ɗauka. Na biyu ya yarda, aka ɗaure buhun a tsakaninmu, na zauna a kan ƙarfen baya har titi. A Nasarawa na yi awa biyu a rana, don duk motar da ta tsaya but ɗinta cike yake. Wadda ta ɗauke ni a ƙarshe ta yi faci kafin Ɗaki Takwas. A shinge na gaba wani soja ya sa aka sauko da buhun, ya matsa nan ya matsa can.

"Gini za ka yi da buhu ɗaya?"

"Gada zan gyara, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce mu wuce. Biyar da minti ashirin muka shiga Gummi. Na sauka wajen wani tsohon abokin aikina, aka ba ni tuwon dawa da miyar kuka, na ci rabi barci ya ɗauke ni a zaune.

Alhamis: Gummi zuwa Tungar Magina

An ce mini tafiyar awa biyu ce. Na tashi shida da rabi, ina ganin ina da lokaci har na bayarwa. Mai babur ya kai ni bakin gulbi takwas daidai, ya ce iyakarsa ke nan. Jirgi na can ƙetare, sai da ya cika sannan ya juyo. Mai jirgin ya ce, "Malam, wanga abu in ya sha ruwa dutse za shi zama, ɗora shi bisa cinya." Haka na ƙetare gulbi rungume da siminti kamar mai jego.

A can ƙetaren babu babur ko ɗaya. Duk sun tafi kasuwa. Na jira har goma da rabi, na ga jiran ba zai fisshe ni ba, na saɓa buhu na kama hanya. Jama'a, kada Allah ya nuna muku. Taku ɗari in sauke, taku hamsin in sauke. Gumi ya haɗu da ƙurar siminti ya yi mini ɓawo a wuya. Sau biyu na yi niyyar yar da shi a gindin kalgo, sai in tuna yoyon nan, in sake ɗauka. Ina kallon inuwata tana shigewa ƙarƙashin ƙafafuna, maganar Inna na yi mini amsa-kuwwa a kunne. Wani mai amalanken shanu ne ya tsince ni wajen sha biyu da rabi, ya ɗora mu ni da kayana, shanunsa kuwa ba su san ana sauri a duniya ba.

Ina hango gadar ana kiran azahar. Ta fi yadda na zata girma, duwatsu jajaye an jera su ba ko tsinken ƙarfe, mutane sun cika samanta da gefenta, kowa laka har gwiwa. Na diro na ruga, ko in ce na yi abin da ya yi kama da gudu. A bakin tafki wani dattijo mai jar hula yana tsaye kusa da katakon da ya tare ruwa. Shi ne Sarkin Rafi, mai raba layin ruwa. Kowa ya fito daga magudanar, ban da wani tsohon Bafillace da ke zaune daram a tsakiyar sashe na uku, sandarsa a kan cinya.

"Dikko, tashi a saki ruwa!" ake ta ce masa.

"Ku saki. In ya tahi da ni, ku gaya ma Labbo."

Na yi sallama ina haki, na ce ni ne ɗan Hajara, yayar Labbo. Tsohon ya miƙe a hankali. Ashe a kan tarin laka yake zaune, wadda ba ta wuce ta cika kwando ɗaya ba. Duk sauran sashen ya yashe shi tas tun safe.

"Kwandon ƙarshe na jinin gida na," in ji Sarkin Rafi. "Tuɓe takalmi, ɗan Hajara, ka tsai da mutane."

Na shiga da wandon ofis ɗina, na kwashe lakar da hannu, na juye a kwazazzabo. Aka zare katako. Ruwa ya taho ya wuce ta kan ƙafafuna, sanyinsa har cikin ƙashi, na tsaya ban iya motsi ba don gajiya.

Bayan salla mai amalanke ya kawo buhuna. Na ce wa Sarkin Rafi na zo da abin toshe yoyon sashenmu, a ba ni magini. Wani ya ce, "Subhanallahi." Sarkin Rafi ya kama hannuna, muka gangara ƙarƙashin baka na uku. Ruwa na ɗiga cikin wani dutse da aka fafe kamar kwami, shanu kusan ashirin sun kewaye shi, ga sawun kofato ya yi hanya har daji.

"Ka ga wanga? Kakan uwarka shi yab bar dutse guda sako-sako, da gangan. Rabon shanu na. Suna sha nan ƙasa, ba su hawa lambu. Tun da aka gina ta ba a taɓa zuwa gaban alƙali da mu da masu shanu ba kan ɓarna. Kai kuma ka ɗauko siminti tun daga Bukkuyum."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Da muka hauro na nufi wajen Dikko na ce, "Baffa, ka gafarce ni, ban sani ba."

Ya taɓa buhun da sandarsa. "Labbo bai hana ka ba?"

"Ya hana ni, Baffa. Ni ne ban ji ba."

"To. Ni ma kakana a nan ya shayar. Gidanku ba shi rasa ruwa ina da rai." Ya kora shanunsa ya tafi, ko nonon da matar Kawu ta ce ya tsaya a dama masa bai jira ba.

Juma'a: Komawa

A ƙauyen na kwana. Simintin na bar wa masallaci, liman ya ce dokin ƙofa na buƙata. Na fito bakwai, jirgi, babur, mota, shingaye, ban ƙara ƙidaya komai ba. Na ratse Bukkuyum na durƙusa gaban Kawu na ce masa an saki ruwa, layin gidanmu na nan, dutsen kuma ban taɓa shi ba. Ya lumshe ido, ya daɗe bai saki hannuna ba.

Biyar da rabi na shiga gida a Anka, ƙafafu a kumbure. Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode wa mai amalanke wanda ko sunansa ban tambaya ba, na gode wa Baffa Dikko. Inna na zaune tana tsinke zogale. Ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta tambaye ni gajiya ba.

"Ka iske?"

"Na iske, Inna."

"Na ukkun, har yanzu yana ɗiga?"

"Yana ɗiga."

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Labarin buhun kuwa har yau ban ba ta ba.