Akushin da Aka Hana Tuwo

Ina 'yar aji huɗu aka kai mu gidan adana kayan gargajiya, wanda madam ɗinmu ta lakwal, wato makarantar boko, take ce wa "mize". Wallahi har yau ban manta abubuwan da na gani ba. Ga kujerar sarauta an lulluɓe ta da duwatsun ado tun daga sama har ƙasa, ga fuskokin itace masu ido kamar za su kira sunanka, ga wata ganga daga ƙasa mai nisa da ta fi ni tsawo. Can a lungu kuma, cikin gilashi, sai ga akushi baƙi wuluk, irin wanda muke cin tuwo a ciki.

Da magariba na tarar da kakata, Inna Dudu, a bakin murhu a gidanmu na unguwar Birkiteri, jikoki sun kewaye ta. Na zayyana mata komai ko numfashi ban yi ba.

"Akushi a gilashi?" in ji ta. "To wa yake ci a ciki?"

"Ba kowa, Inna. Ko taɓawa an hana."

"Kayya, Allah sarki! Matso nan, ƙawata, ki ji."

Ta gyara itacen wuta, ta ba mu labarin wata mata da masassaƙi ya yi wa akushin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Don tsabar so, ta naɗe shi a zane ta rataye. Kullum akushin sai ya ce, "Uwar gida, ƙishi nake ji." Inna har da siririyar murya take yi masa. Matar ta ce, "Yi haƙuri, sai ranar biki." Ranar bikin ta sauko da shi, tuwo mai zafi na taɓa shi ya tsage gida biyu.

"Man miya itace yake sha," in ji Inna. "In an daina ci a cikinsa, bushewa yake yi."

Na ji haushinta a ranar, don ta rage mini daɗin abin da na gano. Sai bana na san inda ta dosa. 'Ya'yana uku da Faransanci suke karatu, da shi suke faɗa, da shi nake musu tsawa. Hausa kuwa na adana ta sai ranar Sallah, in za a gaida dangi. Ran Asabar na tara su a tabarma, na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," na tsaya ina jira. Suka zuba mini ido. Cikin su ukun nan, babu wanda ya san abin da ake amsawa.