Laftof ɗin Yaya Bashir

Jama'a, yau na ji muryar marigayi Yaya Bashir a shagon gyara a Jabi.

Kun san tun rasuwarsa ni ke aiki da laftof ɗinsa a ofis. Da safe ta nemi afdet, wato sabunta manhajarta, na danna ban yi tunani ba. Ta kai rabi, ta tsaya cak. Na jira har azahar, ko motsi ba ta yi ba. Ga hotunan gidanmu duk suna ciki, ban kwafe ko ɗaya ba.

Na kai ta wajen Oga Chidi mai gyara. Ya kashe, ya kunna, ya cire batir, ya mayar. Ya ce, "Hajiya, had dis ɗin da ke ajiye kaya ya gaji. Sai dai mu goge komai."

Na ce, "Oga, don Allah ƙara gwadawa."

Ya soka mata filas ɗinsa, ɗan abin nan na USB da ake tayar da kwamfuta da shi, allon ya buɗe! Ya danna wani bidiyo cikin kayanmu don ya gwada. Sai ga muryar Yaya yana ce min, "Hauwa, matso kusa da Mama, ba kya fitowa." Ranar Sallah ce, Mama tana ta dariya.

Kafin in ciro waya in ɗauka, allon ya yi baƙi. Chidi ya yi ta fama, ta ƙi tashi. Ya ce had dis ɗin ya mutu.

Yanzu ina gida. Mama ta tambaye ni me ya sa idona ya yi ja, na ce hayaƙin mota ne.