Abin da Kaka Ke Murzawa a Kan Ganye

Jiya Mama ta sake ture min kwano. Tun da likita ya hana ta mai da shito, soyayyen yajin nan namu, saboda hawan jini, abinci ya daina shiga bakinta. Na turara mata kabeji da karas, ta ɗanɗana, ta ce, "Ba haka uwata ke yi ba." Nan take Kaka ta faɗo min a rai.

A tsakar gidanmu na unguwar Nima Kaka ke dafa waakyen sayarwa, wato shinkafa da wake. Idan shinkafar ta kusa tsotsewa, takan ɗora kwandon ƙarfe a bakin tukunyar, ta zuba kontomire, wato ganyen gwaza, da yalo da albasa, ta rufe. Tururin wake ne ke dafa su. Wata rana na ɗauko ruwa zan zuba, ta doke min hannu. "Ke! Ganye ba ya son wanka, numfashi yake so." Da ta ɗaga murfi, sai ta murza wani abu tsakanin yatsunta ta barbaɗa. Ƙamshi ya cika gida har 'yan haya suka leƙo.

Wannan abin ne ban sani ba. Na gwada daddawa, na gwada citta, na zaga kasuwar Mamobi ina shinshina ƙulli-ƙulli kamar mahaukaciya. Mama ma ta manta, ga shi kullum ramewa take yi.

Allah Ka haskaka kabarin Kaka. Ka turo min ita ko a mafarki ne, ta buɗe min tafin hannunta kafin 'yarta ta bi bayanta.